Ranar da Asusun Gwamnati Ya Rufe, Ina Rumbun Malami?

Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba 2025, kwana 43 cur, gwamnatin tarayyar Amurka ta kasance a rufe saboda 'yan majalisa sun kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi. Dubban ɗaruruwan ma'aikata suka zauna babu albashi, tallafin abinci da kusan mutum miliyan 42 suke dogara da shi ya yi tangal-tangal, har aka ga ma'aikatan gwamnati a layin karɓar abincin sadaka. Da yawanmu mun ji labarin a rediyo muka yi murmushi, muka ce ashe su ma sukan ɗanɗana. Sai dai idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A can ma doka ta tanadi a biya ma'aikaci bashin albashinsa da zarar an buɗe.

Tamu gwamnatin ba ta shelar rufewa. Wata ne kawai zai mutu, wani ya tsaya, wayar malami shiru babu saƙon banki. Ba mu manta 2015 ba, lokacin da jihohi da dama suka kasa biyan albashi sai da Gwamnatin Tarayya ta kai musu ɗauki. A Janairun 2024 an dakatar da shirye-shiryen tallafin jama'a na tarayya, ciki har da ciyar da 'yan firamare, domin a binciki zargin almundahana. Binciken daidai ne, amma yaron da ke zuwa makaranta da kwanonsa ba shi ya ci kuɗin ba. A 2025 kuwa takwarorinmu na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi. Kowane irin tsaiko aka samu a sama, tukunyar gidan ƙaramin ma'aikaci ce take fara hucewa.

Gaskiya ne yau Kauran Gwandu, wanda ya taɓa shugabantar ƙungiyarmu ta NUT a matakin ƙasa, shi ke riƙe da Jihar Kebbi. Wannan abin godiya ne, amma mulki wa'adi gare shi, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 a kan kuɗin ƙananan hukumomi ake ta muhawarar hannun da albashin malamin firamare zai riƙa biyowa. Wanda ya san tarihin wannan albashi ba zai yi barci da ido biyu rufe ba.

Abin da muke kira gare shi shi ne reshenmu ya kafa rumbunsa. Muna zaune a bakin ruwa, ƙasar shinkafa da masara da albasa da kifi, amma malami ya fi kowa sayen hatsi da tsada, domin mudu-mudu yake auna shi, sau da yawa ma bashi, a tsakiyar damina lokacin da farashi ya kai ƙololuwa. Da kowane mamba zai amince a cire masa ko da naira dubu ɗaya a wata, da kaka sai a sayi buhuna a kasuwar Yawuri, a adana su, a raba bisa rance marar ruwa ranar da albashi ya tsaya. In shekara ta wuce lafiya, a sayar wa mambobi a kan farashin da aka saya kafin ƙwari su shiga.

Matsuguni ya fi abinci wuyar sha'ani, kuma ba mu cika maganarsa ba saboda kunya. Malamin da aka tura Wara ko Shanga ko wani ƙauyen gaɓar tafki haya yake kamawa, wani ma haya biyu, ɗaya tasa ɗaya ta iyali a Yelwa. Maƙwabci zai iya miƙo maka kwanon tuwo ta katanga, amma ba zai biya maka kuɗin ɗaki ba. Ya kamata a ware kaso daga asusun domin wannan, sannan shugabannin reshe su nemi bakin hakimai da dagatai a yi yarjejeniya da masu gidaje cewa ba za a fitar da kayan malami waje ba muddin reshe ya tsaya masa. Al'ummar da aka tashe ta daga tsibiranta lokacin gina madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ba sai an yi mata bayanin zafin rasa muhalli ba.

Za a ce muna ɗauke wa gwamnati nauyinta. A ganinmu akasin haka ne: malamin da ke da buhu a ɗaki shi ne zai iya jure yajin aiki har a biya masa haƙƙinsa, mai jin yunwa kuwa tun makon farko yake sarewa. Za a kuma ce wa zai riƙe makulli, kuma wannan tambayar ta fi ƙarfi, domin mun ga adashe da ƙungiyoyin gama-kai da suka watse a hannun mutum guda, mun kuma ga a Oktoban 2020 yadda aka fasa rumbunan tallafin korona a jihohi da dama aka tarar da abinci jibge alhali mutane na kwana da yunwa. Saboda haka makulli uku muke so, ɗaya a Yawuri, ɗaya a Ngaski, ɗaya a Shanga, da malama aƙalla ɗaya cikin masu sa hannu, kuma a riƙa buga lissafin shiga da fita a wannan mujalla kowane zangon karatu. Muna roƙon sakatare ya sa batun a ajandar taro mai zuwa, tun kafin 'yan kasuwa su kwashe amfanin bana.