Wuƙar Maƙera da Wuƙar Kwali

Babbar hanyar da ta taso daga Lome, ta ratsa Sokode da Kara da Mango, ta bi ta Dapaong har Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso, tana ɗauke da kowace irin haja, mai amfani da marar amfani. Cikin marasa amfanin akwai wata wuƙa da ke ɗauke hankalin samari: doguwa, mai ƙyalli kamar madubi, bayanta da haƙora irin na zarto, mariƙinta na baƙar roba, tana kwance cikin kwali mai hoton soja. Saurayin da ke shirin bin shanu ko kwana a gona ya gan ta, sai ya raina wuƙar da ubansa ya yi shekaru yana ratayawa. Wannan raini kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin kuɗi, wani lokaci har da yatsa.

Asalin wannan siffa sananne ne. A 1982 aka fitar da fim ɗin First Blood a Amurka, inda Rambo ya riƙe wuƙa mai haƙora da mariƙi mai rami. Wadda aka yi amfani da ita a fim ɗin aikin hannun gwanin maƙeri ce, Jimmy Lile. Waɗanda suka cika kasuwannin duniya daga baya kwaikwayo ne na araha. Ramin da aka bari a mariƙi don ajiye ashana shi ne babban aibinsu, domin wutsiyar ƙarfen da ya kamata ta ratsa mariƙi ta riƙe shi an datse ta, an ɗaure guntun da noti ɗaya. Duk ƙarfin da hannu zai sa, a kan wannan gaɓa yake taruwa. Ranar da mutum ya danna ta a kan icce mai tauri kamar ƙirya, nan za ta ɓalle, kuma ruwan wuƙar ba ya shawara da kowa kafin ya zaɓi inda zai faɗa.

Ɗalibin Hausa zai lura da kalmar nan, ruwa. Bahaushe yana kiran faffaɗan ƙarfen wuƙa ko takobi ruwa, gefen da ke yanka baki ko kaifi, ƙarshen tsini, gidan da ake sa ta kube. Harshen da ya raba sassan abu haka, masu shi sun daɗe da sanin abin, kuma ba su jira kwali ya zo ya koya musu ba.

Arewacin Togo ma ba baƙon ƙarfe ba ne. Ƙasar Bassar, yamma da hanyar Sokode zuwa Kara, tana cikin manyan wuraren da aka yi ƙarnoni ana narkar da tama a Afirka ta Yamma, kuma har yau ana ganin tsofaffin matoyan yumɓu a Banjeli. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sun bi ta Mango da Sokode, suka bar zango-zango da sana'o'insu. Narkar da tama ta mutu a ƙarni na 20, sa'ad da ƙarfen waje da tarkacen motoci suka wadata, amma ƙira ba ta mutu ba. Maƙeri ya sauya mahaƙa ne kawai. A yau tamarsa ita ce sifirin ɗin tsohuwar mota, kuma ya yi dace, domin ƙarfen sifirin yana da sinadarin kabon daidai gwargwado, an kuma yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo ba tare da ya karye ba. Wuƙar daji ba ta bukatar abin da ya fi wannan.

Sai dai a nan ne ya kamata masu kare maƙera su rage zaƙin baki. Ba kowace wuƙar maƙera ce wuƙa ba. Akwai wanda zai yanko ƙarfen ganga ko rodin gini, ya buga shi ya yi fāɗi, ya goga masa baki, ya kai kasuwa. Irin wannan tana yanka da safe, ta dakushe kafin azahar. Sirrin aikin yana cikin abin da ake yi bayan an gama bugu. Ana zuga ƙarfen har ya yi ja sosai, wajen zafin da maganaɗisu ke daina kama shi, kimanin digiri 770, a ƙara kaɗan, sannan a tsoma shi cikin mai nan take. Wannan ke ba shi tauri, amma taurin gilashi ne, mai saurin fashewa. Dole a sake ɗumama shi a hankali, wajen digiri 200, har launinsa ya koma kamar na busasshen kara, kafin ya zama abin dogaro. Maƙerin da ya tsallake mataki na farko ya sayar da wuƙa mai taushi. Wanda ya tsallake na biyu ya sayar da wadda bakinta zai ɓantare a kan ƙashi. Mai saye yana da hanyar ganewa tun a maƙera: ya roƙi magagari ya goga a bakin. Idan magagarin ya ci ƙarfen cikin sauƙi kamar yana cin icce, a ajiye ta. Idan yana zamewa yana ɗan kamawa da ƙyar, an yi aiki. Maƙerin da ya ɓata rai don an nemi wannan gwaji ya riga ya ba da amsa.

Masu son wuƙar kanti suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi kamar ba a ji ta ba. Suna cewa masana'anta ba ta da ranar gajiya: wuƙa dubu za su fito da tauri iri ɗaya, alhali maƙeri yau ya dace gobe ya kuskure. Gaskiya ne, idan masana'antar ta kirki ce. A garin Mora na ƙasar Suwidin ana ƙera wuƙaƙe tun 1891, kuma samfurin Morakniv da ake kira Companion ya yi suna a duniya saboda araha da inganci. Tsawon ruwanta bai wuce santimita 10 da 'yan kai ba, kaurinta milimita 2 zuwa 2.5, ba haƙora, ba ado. Abin lura shi ne wuƙar da masana daji na Turai suka fi yabawa ta fi kama da ta mahaucin zango fiye da ta kwalin nan mai hoton soja. A Turai ba ta cika wuce Yuro 20 ba. Amma Yuro ɗaya daidai yake da sefa 655.957, wato Yuro 20 ya haura jika 13, kafin a zo ga kuɗin jigila da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Ga manomin gero da ke jiran kaka, abin da Bature ke kira araha ya tashi daga araha. Wanda ɗan'uwansa zai kawo masa ita tsaraba, ya karɓa hannu biyu. Wanda zai sayar da akuya don ita, a ba shi shawara ya sake tunani.

Hujjarsu ta biyu ita ce tsatsa. Ƙarfen da ba ya tsatsa yana ɗauke da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma a bakin teku kamar Lome wannan alheri ne. Dapaong kuwa tana shafe kusan rabin shekara cikin rani da hunturu, iska a bushe. Da damina, ɗigon man kaɗanya da tsumma sun wadatar. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne yawancin wuƙaƙen kwali masu ƙyalli an yi su ne da nau'in da kabon ɗinsa bai taka kara ya karya ba, don haka ba su tsatsa kuma ba su riƙe kaifi. Baƙin ƙarfen maƙera yana yin dabbare-dabbare, amma kowane dutsen wasa yana tayar da bakinsa cikin 'yan mintoci.

Akwai kuma ɗabi'ar da bidiyon intanet ya yaɗa, ta ɗora wuƙa a kan gungume ana dukan bayanta da sanda don faskara. Daga nan ake cewa sai wuƙa mai kauri kamar ƙofar kurkuku. A dazuzzukan arewacin duniya, inda mutum ke tafiya da wuƙa ɗaya tak, wataƙila akwai dalili. Makiyayi ko manomi a nan yana da adda, yana da gatari. Aikin wuƙarsa yankan igiya ne, da fiƙe sanda, da fere rogo, da ɓare ɓawon icce don magani, da yanka dabbar da ta faɗi kafin ta zama mushe, da fiɗa. Duk waɗannan siririn baki suke so. Wuƙa mai kauri tana tsaga doya maimakon ta yanka ta, haƙoran bayanta kuma suna hana mutum ɗora babban yatsa inda ya kamata.

Wuƙar nuni tana da gurbinta. A Sokode, lokacin Maulidi, ana bikin Adossa, inda maza ke goga kaifi a jikinsu a gaban jama'a, kamar yadda 'yan tauri ke yi a ƙasar Hausa. Wancan fage ne na kallo, kowa ya san haka. Daji ba shi da 'yan kallo, hanya kuwa tana da masu bincike. Tun watan Yuni na 2022 gwamnatin Togo ta sa yankin Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci saboda hare-haren da ke ƙetarowa daga iyaka. Saurayin da aka buɗe jakarsa aka ga gajeriyar wuƙa cikin kuben fata, tare da igiya da gora, bayaninsa gajere ne. Wanda aka samu da mai tsawon kamu biyu, mai siffar ta mayaƙa, ya saya wa kansa doguwar tambaya da kuɗinsa.

Wanda ya je maƙera, to, ya faɗi abin da yake so dalla-dalla, tun da shi ke da wuƙa da nama kafin ya biya: ƙarfen sifirin, ruwa kamar faɗin tafin hannu ko ya ɗara kaɗan, kaifi ɗaya, wutsiya ta ratsa mariƙi har ƙarshe a tanƙwashe ta ko a kafe ta da ƙusa biyu. Mariƙin ya zama icce busasshe wanda ya cika hannu, da ɗan tudu a gaba don kada yatsa ya zame kan baki idan jini ko gumi ya jiƙa shi. Daga nan sai wurin baduku. Kuben ya zama fata mai kauri, da ƙarin tsiri a cikin ɗinkin ta gefen kaifi don kada bakin ya ci zaren, ya kuma kama wuƙar yadda ko an kifa shi ba za ta zube ba. Kada a ajiye ta a ciki tana da danshi, domin jemammiyar fata tana riƙe ruwa, kuma kwana biyu sun isa tsatsa ta kama.