Rimot ɗin ƙwan fitila: kafin ka tura kuɗi, tsaya mu yi lissafi

Idan kana yawo a TikTok ko Facebook kwanakin nan, da wuya a ce ba ka ci karo da bidiyon nan ba: mutum na kishingiɗe a katifa, ya danna wani ɗan rimot kamar na ƙofar mota, fitilar ɗaki ta mutu. A ƙasa kuma ga sharhi rututu, kowa na tambayar nawa ne, ana kawowa Kano? Abin da ake tallatawa ɗin ƙaramar holda ce mai ɗauke da na'ura a cikinta. Ka cire ƙwanka, ka murɗa ta a mazaunin ƙwan, ka mayar da ƙwan a bakinta, shi ke nan. Ba fasa bango, ba jan sabuwar waya, ba kiran mai gyaran wuta.

Ni ra'ayina shi ne abin yana da amfani na gaske, amma ba irin amfanin da masu talla ke nunawa ba, kuma ba kowace za ka saya ka rataya a saman kanka ba.

Mu fara da yadda take aiki. A cikin holdar akwai ɗan makunni na lantarki da kuma abin karɓar saƙo. Iri uku ne suka fi yawa. Akwai mai aiki da haske marar ganuwa irin na rimot ɗin talabijin, wadda dole sai ka saita mata rimot ɗin kai tsaye. Akwai mai aiki da igiyar rediyo, galibi a kan megahaz 433, wadda saƙonta ke iya ratsa labule da ƙofa, har bango idan bai yi kauri ba. Sai mai Wi-Fi, wadda ake sarrafawa da manhaja a waya, irin su Smart Life ta kamfanin Tuya, ko eWeLink da ke tafiyar da kayan Sonoff. Fasahar ma ba sabuwa ba ce. Tun 1975 wani kamfani a Sikotilan ya ƙirƙiro tsarin X10 na kunna fitilun gida daga nesa, Philips kuma ya fito da ƙwayayensa na Hue a 2012. Abin da ya canja shi ne masana'antun Sin sun karya farashin har ya iso hannun ɗalibi.

To wa abin zai amfana? Ka tuna da tsohuwar da ke gidanku, wadda gwiwa ta hana ta sakat, amma sai ta lallaɓa cikin duhu ta laluba makunni kafin ta fita alwalar asuba. Faɗuwa a irin wannan shekarun ba wasa ba ce, karayar ƙugu na iya kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Ka tuna da mai jego da jariri ya tashe ta ƙarfe biyun dare, da mai amfani da keken guragu da aka sa wa makunni can sama kusa da ƙofa, da marar lafiyar da aka yi wa tiyata. Ga waɗannan, ɗan rimot a ƙarƙashin matashi ba gayu ba ne, sauƙi ne da kare mutunci, don ba sai sun ta da wani daga barci ba. Haka ma ɗan haya. Mai gida ba zai bar ka ka fasa masa bango ba, ko ya bar ka ma asararka ce ranar da za ka tashi. Wannan kuwa ka kwance abarka ka jefa a jaka.

Yanzu ga inda talla ke yaudarar mutane. Za ka ji ana cewa tana rage kuɗin wuta. Bari mu ɗauko biro. Holdar ba ta barci, kullum kunnenta a buɗe yake tana jiran saƙo, don haka tana shan wuta ko da ƙwan a kashe yake, wajen rabin wat zuwa wat ɗaya. Mu ɗauka wat ɗaya ne: a wata ya kama yunit 0.72. A farashin rukunin A da ya koma naira 209.5 kan kowane yunit a watan Yulin 2024, wajen naira 150 ke nan. Ba yawa, amma ƙari ne, ba ragi ba. Ƙwan LED mai wat 9 idan ya kwana a kunne awa goma kullum, yunit 2.7 zai ci a wata, kusan naira 565. Tsohon ƙwan nan mai zafi na wat 60 kuwa yunit 18 zai lashe, sama da naira 3,700. Ka ga ashe babban ragin yana wajen canja ƙwai, ba wajen rimot ba. Idan kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi LED tukuna. Rimot zai taimaka wa aljihunka ne kawai idan kai ɗin nan ne mai barci ya bar fitila saboda ƙyuyar tashi. Masu sola da inbata kuma su ƙara lura: holda shida a gida na iya zama wat shida da ke tsotsar batir dare da rana.

Abu na biyu, yanayin wutarmu. An ƙera yawancin waɗannan kayan ne da tunanin gidan da wuta ba ta yankewa. Mu kuwa mun san halin da muke ciki. Waɗanda suka ga duhun da ya lulluɓe Arewa na kwanaki a watan Oktoban 2024 ba sa bukatar a yi musu bayani. Don haka ka tambayi mai sayarwa: idan NEPA ta ɗauke ta dawo, fitilar kunna kanta take yi, ko a kashe take zama, ko kuwa tana tuna yadda aka bar ta? Wasu da zarar wuta ta dawo sai su haska, ko ƙarfe ukun dare ne. Sannan dole makunnin bango ya zauna a kunne kullum. Ranar da ƙaninka ya kashe shi bisa sabo, rimot ya zama abin wasan yara.

Mai Wi-Fi kuma nata matsalolin daban ne. Tana bukatar na'urar Wi-Fi da ke kunne a gida, kuma galibinsu gigahaz 2.4 kaɗai suke kamawa. Idan da wayarka kake raba intanet, kana fita da ita holdar ta zama marainiya. Da yawansu ma saƙon sai ya je rumbun kamfanin a wata ƙasa ya dawo kafin fitilar da ke saman kanka ta mutu. Data ta ƙare, magana ta ƙare. Kamfani ma na iya rufewa: a watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe rumbunansa ba sanarwa, masu kayansa suka wayi gari manhaja ba ta aiki. Kuma ka sani, manhajar tana iya tattara bayanin lokacin da kake kunnawa da kashewa, wato lokacin barcinka da na fitarka. Shi ya sa a yanayinmu na fi ganin dacewar mai igiyar rediyo. Ba ruwanta da data, ɗan batir ne kawai a rimot. Sai dai a gidan haya mai ɗakuna da yawa, ka nemi wadda ake haɗa ta da rimot ɗinta ita kaɗai, don masu arha sosai kan zo da lamba iri ɗaya, maƙwabci ya danna nasa fitilarka ta amsa.

Sai babbar magana, wato tsaro. Wallahi nan ne bai kamata a yi wasa ba, don wuta ba ta san arha ba. Wutar Najeriya bolt 230 ce. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, kuma bakinsu E26 ya yi kama da namu E27 har ba za ka bambance da ido ba. Ka karanta jikin holdar kafin ka biya. Ka duba bakin mazaunin ƙwanka ma, domin gidaje da yawa har yanzu mai fin biyu gare su, wato B22 da muka gada daga Turawan Ingila, ba mai murɗawa ba. Kada ka jera mahaɗi kan mahaɗi har abin ya yi tsawo yana lilo, nan ne waya ke saki ta fara tartsatsi. Ka duba iyakar wat da aka rubuta, kada ka wuce ta. Ƙwai mai zafi na iya narka robar, kuma ba a yi ta don fanka ko hita ko dutsen guga ba. Kada ka kai ta banɗaki ko tsakar gida inda ruwan sama zai same ta. Idan za ka canja ƙwai, kashe makunnin bango, domin kashewa da rimot ba ya nufin wuta ta bar holdar. Ka ji ƙauri ko ka ga robar ta soma yin baƙi, cire ta nan take.

Akwai hakki a wuyan wasu ma. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin kayan lantarkin da ake shigowa da su, ya kamata idonta ya kai kan irin waɗannan ƙananan kayan da ke shigowa ta odar intanet. Ku kuma 'yan'uwa masu tallan kaya a shafukanku, mabiyanku amana ce. Kafin ka ce wa mutum dubu goma su saya, ka faɗa musu bolt nawa ce, wat nawa take ɗauka, me take yi idan wuta ta dawo. Idan kai ma ba ka sani ba, tambayi wanda ya ba ka tallan.

Shawarata gare ka mai sauƙi ce. Sayi guda ɗaya tak, a shagon da za ka iya mayarwa idan ta ba da matsala, ka sa a gwada maka ita a gabanka. Ka yi mako guda kana lura da ita, kana taɓa jikinta ka ji ko tana zafi. Idan ta yi lafiya, kafin ka ɗauki bidiyon nuna wa abokai, kai ta ɗakin Hajiya ko Baba tsoho, ka nuna musu maɓallin da za su danna. Su ne suka fi ka bukatarta.