Hutun Sabon Ma'aikacin Ƙaramar Hukuma: Tsokaci Daga Babban Mutum

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, muhawara ta karkata ga kuɗi. A watan ne kuma aka sanya hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Idan nauyin albashi ya ƙaru, hukuma kan nemi inda za ta rage, kuma wanda ya fi sauƙin taɓawa shi ne sabon ɗauka, domin bai yi ƙwarin da zai ɗaga murya ba. Hutun shekara na cikin haƙƙoƙin da ake iya zaftarewa ba tare da hayaniya ba. Ra'ayina shi ne, duk gyaran da za a yi wa ƙa'idojin aiki a ƙananan hukumomin Jihar Katsina 34, ya kamata ya sa hutun sabon ma'aikaci ya fara taruwa tun daga watan farko.

Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ya tanadi aƙalla kwana 6 na hutu da cikakken albashi, amma sai ma'aikaci ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya, waɗanda jihohi da dama ke koyi da su, sun raba hutu bisa mataki: kwana 30 ga mai mataki na 07 zuwa sama, kwana 21 ga na 04 zuwa 06, kwana 14 ga na 03 zuwa ƙasa. A ƙananan matakan nan ne masu gadi da masu shara da masinjoji da ƙananan ma'aikatan ɗakin shan magani ke shiga aiki. Wato wanda aikinsa ya fi cin jiki, hutunsa ya fi gajarta.

Mu ɗauki garin Babban Mutum da ke Ƙaramar Hukumar Baure, a masarautar Daura, dab da iyakar Nijar. A irin wannan wuri, ƙaramin ma'aikaci manomi ne kafin ya zama ma'aikaci, kuma geron da ya girbe shi ke riƙe gida idan albashi ya ƙare. Wanda aka ɗauka a watan Satumba, idan aka ce sai ya shekara kafin ya cancanci hutu, shuka da noman farko da maimai duk za su wuce shi. Sakamakon sananne ne: zai sa hannu a rajista da safe, ya sulale zuwa gona. Ofis ya zama kango, shi kuma yana huɗa yana waige, hutun jaki da kaya a ka. Ƙa'idar da ke tilasta wa mutum yin ƙarya tun shekararsa ta farko ta koya masa cewa doka abin kewayewa ce, kuma da wuya ya manta da wannan darasi.

Akwai abin koyi a tsallaken iyaka. Dokar ƙwadago ta Jamhuriyar Nijar ta 2012 tana lissafa hutu wata-wata, kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki. Haka kuma Yarjejeniya ta 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1970, ta nemi kada hutun shekara ya gaza mako uku, kada zaman jira ya wuce wata shida, sannan wanda bai cika shekara ba a ba shi gwargwadon abin da ya yi.

Mai suka zai ce ɗakin shan magani mai ma'aikata biyu ba zai jure kowa ya tafi da damina ba. Wannan gaskiya ne, kuma hujja ce ga jadawali. Hutun da aka tsara tun da rani, aka karkasa shi kwana uku ko huɗu a jere, ya fi fashin da ba wanda ya san ranarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ne manazarta Hausa ke da rawar takawa. Ƙa'idojin aiki da Turanci suke, alhali galibin waɗanda suka fi shafa da Hausa suke tunani. Kalmar "hutu" ita kaɗai ke ɗaukar hutun shekara da na jinya da na haihuwa da izinin uzuri, kuma a kunnen wasu tana da ƙamshin lalaci. Wajibi ne sassan Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da ƙungiyar NULGE da hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta jiha, a daidaita waɗannan kalmomi, a fitar da ƙa'idojin cikin Hausa, a miƙa wa kowane sabon ma'aikaci tare da takardar kama aiki. Daga nan sai ya san kwana nawa ya tara, ya kuma nemi abinsa a rubuce.