Kiɗan Yaƙi Ba Na Rarrashin Jariri Ba Ne: Raddi Ga Masu Raina Sautin Sega

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masoya tsofaffin wasannin bidiyo, wai Super Nintendo ta fi Sega Mega Drive daɗin sauti, kuma wai zancen ya ƙare. A wasannin labari irin su Final Fantasy ba zan ja da kowa ba. Amma in wasannin harbi ake nufi, waɗanda ɗan jirgi ɗaya tilo ke kutsawa cikin ruwan harsasai, ni kam ban yarda ba.

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce sautin Nintendo ya fi kama da kayan kiɗa na gaskiya. Haka ne. Na'urar da ta fito a Japan a 1990 tana ɗauke da guntun sauti na kamfanin Sony mai layi takwas, wanda ke maimaita muryoyin kayan kiɗa da aka naɗa. Abin da ba sa faɗa shi ne duk waɗannan muryoyi a cikin kilobait 64 kacal ake cusa su. Dole a matse su a gutsure su, sannan na'urar ta ƙara dakushe musu kaifi, sai ka ji kiɗan kamar daga ɗakin maƙwabta yake fitowa.

Ita kuwa Mega Drive ta 1988, guntunta na Yamaha mai suna YM2612 ƙera sautin yake yi nan take a layi shida. Shi ya sa yake da kaushi da amon ƙarfe, abin da suke kira aibi ke nan. To don Allah, wanda bama-bamai ke fashewa a gabansa da bayansa, wane kiɗa yake buƙata? Ko a filin dambe ai ba molo ake kaɗa wa ɗan wasa ba, kalangu ne mai ratsa hayaniyar 'yan kallo ya isa kunnensa ya tsuma shi.

Wanda ke musu ya saurari Thunder Force IV na kamfanin Technosoft, na 1992, ko MUSHA na 1990 wanda Toshiaki Sakoda ya tsara wa kiɗa. Jitar da ke ciki tana yankawa ta tsakiyar ƙarar harbi ba tare da ta nutse ba. In ana son gwaji na adalci kuma, ga Thunder Force III na 1990, wanda aka sauya wa fasali aka kai shi Nintendo a 1991 da sunan Thunder Spirits. A jera waƙoƙin da suka yi tarayya a kai a saurara, za a ji yadda na biyun ya yi sanyi kamar tuwon jiya.

Ba na ƙin gaskiya. Muryar mutum a Mega Drive tana fita a shaƙe, kuma wasanni da dama da aka yi a Amurka da manhajar GEMS sun ɓata wa na'urar suna. Axelay na Konami, wanda ya fito a Nintendo a 1992, kiɗansa abin a yaba ne. Sai dai gwanintar makaɗin Axelay ba ta wanke dakushewar na'urar ba, haka nan kasalar masu GEMS ba laifin Yamaha ba ce.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ma'aunin da ake amfani da shi. An ɗauka ingancin sauti shi ne kama da goge ko algaita ta zahiri, alhali makaɗan Technosoft sun ɗauki ɗan guntun nan a matsayin kayan kiɗa mai muryar kansa, suka ƙware a kansa. Duk wanda zai yanke hukunci, ya fara riƙe abin bugawa ya shiga matakin farko na Thunder Force IV da sauti a buɗe, sannan ya zo mu yi magana.