Serbar a cikin gida: wa zai riƙe makullin?



Tun ranar da muka taɓo zancen kafa serbar a gida cikin filinmu na matasa, saƙonni ba su tsaya ba. Wasu na tambayar mece ce ita, wasu na cewa aikin ƴaƴan masu kuɗi ne, wani kuma daga Damagaram ya ce mu bari sai kuran ya zauna tukuna. To, minti goma na rediyo ba ya isa, shi ya sa muka kawo maganar nan.

Serbar dai ordinatar ce kamar kowace, sai dai ba a kashe ta, kuma aikinta shi ne ta ajiye kaya ta miƙa wa duk wanda ya nema. Hoton sunan ɗanka da ka ɗora a Facebook yana kwance cikin irin wannan na'ura a wata ƙasa, a ɗakin wani kamfani. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke wajen awa shida, kowa ya ɗora laifin kan rezo. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse ta wajen Abijan, ƙasashen yankinmu da dama suka ji a jikinsu. Google kuma tun 1 ga Yuni 2021 ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka. In giga 15 ɗinka ya cika, sai ka biya ko ka goge. Mai gida shi ke da dokar gidansa, mu ƴan haya ne.

Mu kanmu mun ɗanɗana. A wani gidan rediyo da muka yi aiki, diskin ordinatar guda ya mutu da hirarrakin da muka yi shekaru muna ɗauka da dattawa, makaɗa da masu tarihin unguwanni. Wasunsu yanzu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙan su. Babu kwafi ko ɗaya. Har yau in muka tuna sai ranmu ya ɓaci.

Kayan aikin ba su da wani tsada kamar yadda ake tsammani. Tsohuwar ordinatar ta hannu da aka jefar saboda allonta ya fashe ta isa, kuma batirinta zai riƙe ta in kuran ya ɗauke na ɗan lokaci. A sa mata Linux, wanda wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kyauta ne. A ɗora Nextcloud don ajiye hotuna da takardu, ko Kiwix wanda ke buɗe Wikipedia, har ta Hausa, ba tare da konekson ba. In aka haɗa ta da ƙaramin akwatin wifi, duk wanda ke cikin gidan ko lakkol ɗin zai shiga da wayarsa, ko mega ɗaya ba zai ƙona ba. Shiga daga wani gari kuwa ya fi wuya, don kamfanonin waya sukan tara mutane da yawa bayan adireshi guda. Wannan sai an yi nisa da koyo.

In muka duba da kyau, abin ba baƙo ba ne a wajenmu. Masu turi na bakin kasuwa, da ke zuba wa mutane fina-finai da wa'azi cikin karta memwar, aikin serbar suke yi da hannu. Iyawa akwai ta a Maraɗi da Tawa da Yamai. Abin da ke damunmu shi ne halin da za mu shiga koyon da shi.

Mun ga yadda ake yi a wasu fadodi. Yaro ya yi tambaya, wanda ya ɗan iya sai ya watsa masa faransanci da sunayen na'urori har ya ji kunya ya koma gefe yana haɗa shayi. Wallahi wannan yana kashe koyo fiye da rashin kuran. Mu da muka bi ta kolej da lise mun san mafi yawan littattafan wannan fanni da turanci suke, faransancin namu ma a baya yake zuwa. To me za mu yi wa taƙama? Wanda ya gane abu ya faɗe shi da Hausa, ko Zabarmanci, ko Tamajak, yadda mai gyaran babur zai kama. Wanda kuma ya lalata wani abu ya faɗa a fili ya ce ga inda na yi kuskure, don na bayansa ya kauce. Ƴan mata ma a ba su wuri da lokacin da ya dace da su. In kullum sai bayan isha'i a fada ake darasi, mun san su wa muka bari a baya.

Amma babbar maganar ita ce amana, kuma a nan muke son a tsaya. Wanda ke riƙe da serbar, in ba a kulle kayan da sirri na musamman ba, yana iya buɗe duk abin da aka ajiye masa: hotunan matar maƙwabci, takardar asibiti, lissafin bashin ɗan kasuwa, jerin sunayen masu adashi. Kamfanin da ke Amurka bai san fuskarka ba. Yaron da ke kula da na'urar unguwa kuwa ya san ka, ya san surukanka, kuna sallah a masallaci guda. Kowa ya taɓa jin labarin wayar da aka kai gyara, bayan kwana biyu hotunan cikinta suka shiga gari. Aure ya mutu ta haka, an janye baiko ta haka. Ƙasarmu na da hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, amma kafin magana ta kai can mutuncin ya riga ya zube. Saboda haka tun ranar farko a gaya wa kowa gaskiya: ga abin da mai kula zai iya gani, ga abin da ba zai iya ba. Kowa da kod ɗinsa. Abin da mutum ba zai so ɗan unguwa ya gani ba, kada a matsa masa ya ɗora. Mu a ganinmu, wanda aka kama sau ɗaya yana leƙen kayan mutane a karɓe makullin daga hannunsa, ko da duk garin babu wanda ya kai shi iyawa.

Sai kuma kada mu yi wa mutane alkawarin da ba za mu cika ba. Mai saƙon Damagaram bai yi ƙarya ba. Ba mu manta da watan Agusta 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana lantarki, aka yi watanni ana fama. Ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar na'ura. Panno da batir suna taimakawa, amma diski ko ba jima ko ba daɗe zai mutu. Masu wannan sana'a suna da ƙa'ida: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani gida dabam. Wanda ya tattara hotunan dangi kaf a tsohuwar ordinatar guda, ya sa suka goge na wayoyinsu, ya fi cutar da su bisa ga barin su a Google.

Ga wata kuma da ba a cika tunawa ba. Samarinmu matafiya ne. Yau yana nan yana kula da serbar ƙungiya, gobe ya tafi Agadas ko Kano neman kuɗi, kod ɗin na cikin kansa, lambarsa ba ta shiga. Ko kuma ta Allah ta kasance. Don haka kada mutum ɗaya ya riƙe komai shi kaɗai. A samu na biyu da ke koyo a gefensa tun daga farko, a sayi kaye a rubuta yadda aka haɗa komai da yadda ake tada ita in ta tsaya. Kod ɗin mai kula kuma a rubuta shi dabam, a rufe cikin ambulan, a ba wani dattijo da kowa ya yarda da shi, ko da bai taɓa kunna ordinatar ba.