A Riƙa Yi Wa Majiyyaci Bayani Da Hausa

Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi kira ga ma'aikatan sashen gaggawa na asibitocinmu.

Mu mutanen Kankia da Kusada mun san ɗawainiyar da ke kansu: ga masu haɗarin mota a hanyar Kano zuwa Katsina, ga masu naƙuda, ga yara masu zazzaɓin damina. Allah ya saka masu da alheri. Amma fa bayani ya yi ƙaranci. Sai likita da nas su yi ta Turanci bisa kan mara lafiya, a miƙo takarda a ce "je ka sawo", shi ke nan. Wanda ya sai da akuyarsa ya zo, ai ya cancanci a gaya masa da Hausa abin da ke damunsa, da yadda zai sha maganin.

Inda abin ya fi ciwo shi ne masu damuwa da taɓin hankali. Za a kawo saurayi ya sha fiya-fiya ko maganin feshin gona, a ceto ransa, sannan a rufe shi da faɗa gaban jama'a, a sallame shi. Ba wanda zai ja shi gefe ya ce, "Ɗana, me ya yi zafi?" Bashi ne ko rikicin gida, da shi zai koma, ga kuma sauran kwalbar tana nan a ɗaki. Haka mai jegon da ta daina barci tana sambatu: in aka ce "jikinta lafiya lau", dangi sai su ce iska ce, a wuce da ita wajen boka, alhali akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Dawanau ta Kano da Barnawa ta Kaduna. Wa ya gaya masu?

A 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba irin waɗannan bayin Allah haƙƙin a mutunta su. To, ina roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta sa a riƙa koyar da yadda ake magana da majiyyaci tun daga makarantar koyon aikin lafiya da ke nan Kankia, a kuma ware ɗan ɗaki a kowane sashen gaggawa inda za a saurari mutum a asirce.

Naka,
Wani manomi,
Kusada, Jihar Katsina.