Gani Ya Kori Ji: Kimiyyar Firamare Ba a Kan Allo Kaɗai Take Ba

A yawancin makarantun firamare na ƙasar nan, darasin kimiyya yakan fara a kan allo, ya kuma ƙare a kan allo. Malami ya zana sauro da alli, ya rubuta matakai huɗu na rayuwarsa, wato ƙwai da tsutsa da matakin da tsutsar ke rikiɗa da kuma sauro mai fiffike, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Abin takaici shi ne, taku ashirin daga ƙofar ajin akwai tsohuwar taya cike da ruwan sama, tsutsotsin sauron suna ta wutsil-wutsil a cikinta, amma ba wanda ya ce wa yaran su leƙa. Yaro zai gama aji shida ya san sunan abu bai san abin ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, fita da yara waje da ba su aikin gida na lura da halittu ba ƙawa ba ne da ake yi in an sami sarari. Su ne ginshiƙin koyar da kimiyya a matakin farko. Unguwar Mahuta da ke kudancin Kogin Kaduna, a ƙaramar hukumar Chikun, ta isa misali, domin tana da duk abin da ake bukata, tana kuma fama da duk matsalolin da ake kafa hujja da su wajen ƙin fita.

Da an ce ziyarar gani da ido, abin da ke zuwa zukatan mutane shi ne motar haya da kuɗin mai da takardar neman izni. Lalle Kaduna tana da wuraren da suka cancanci wannan ɗawainiya. Akwai gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Titin Ali Akilu, inda yaro zai ga sassaƙen yumɓu na Nok. Akwai gadar ƙarfe ta Lugga da aka gina a Zungeru a 1904, aka ɗauko ta zuwa lambun Gamji a 1954. A maƙwabtan Mahuta kuma ga matatar mai da aka buɗe a 1980. To amma irin wannan tafiya sau ɗaya ake yin ta a shekara, in ma an yi, kuma 'ya'yan masu hali ne ke zuwa. Kimiyya kuwa ɗabi'a ce ta lura da tambaya da gwadawa, ita kuma ɗabi'a ba a kafa ta da yini guda.

Saboda haka ziyarar da ta fi amfani ita ce ta minti talatin, da ƙafa, a harabar makaranta ko gefenta. Mahuta tana cikin yankin da damina ke kamawa daga wajen watan Afrilu ko Mayu har zuwa Oktoba, kuma har yanzu akwai gonaki da ƴan fadamu a gefen gidaje. Da saukar ruwan farko shinge zai fito daga suri, ga damar bayyana wa yara cewa gara ce ta yi fiffike domin kafa sabon gida. Bayan ƴan kwanaki kududdufai za su cika da talibamban, wanda in an sa shi a cikin bokiti ana canza masa ruwa, yara za su ga ƙafafun baya sun fara fitowa, sa'an nan na gaba, wutsiya kuma tana raguwa har ya zama kwaɗo. Idan aka tumɓuke tushen wake ko gyaɗa guda ɗaya, da iznin mai gona, za a ga ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar. A cikinsu ne wasu ƙwayoyin bakteriya ke zaune, suna kama sinadarin naitorojin na iska suna mayar da shi abincin shuka. Wannan shi ne sirrin abin da manoma suka daɗe da sani, cewa gonar da aka yi wake ko gyaɗa a cikinta takan yi wa hatsi kyau a shekara mai zuwa. Yaron da ya taɓa waɗannan ƙulle-ƙulle da yatsarsa, ba zai sha wahalar darasin ba idan ya tarar da shi a sakandare.

Kada a raina irin wannan lura. Charles Darwin, wanda sunansa ya cika littattafan ilmin halittu, littafinsa na ƙarshe da ya fito a 1881 a kan tana ya rubuta shi, bayan ya shafe kimanin shekara arba'in yana lura da yadda take juya ƙasa. Ronald Ross kuma a 1897, a ƙasar Indiya, ya gano ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro a cikin tumbin sauro, saboda haƙurin dubawa ɗaya bayan ɗaya. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fara da haddar abin da ke kan allo.

Sai batun aikin gida. Jingar da aka saba bayarwa ita ce a kwafo shafi kaza, ko a amsa tambayoyi goma daga littafi. A unguwa irin Mahuta, inda yaro da ya tashi daga makaranta zai je ɗebo ruwa ko talla ko taya iyaye aiki, inda kuma wutar lantarki ba ta da tabbas da dare, sakamakon sananne ne: ko dai yaya ko yayar yaron su yi masa, ko ya kwafa daga abokinsa da safe, ko ya sha bulala. Ba abin da aka koya sai dabarar kauce wa hukunci.

A gwada wani salo. A ce wa kowane yaro ya sami gwangwanin madara uku da ƙwayar wake tara. Gwangwani na farko a sa ƙasa a riƙa ba shi ruwa a ajiye a haske, na biyu a bar ƙasarsa a bushe, na uku a ba shi ruwa amma a ɓoye shi a ƙarƙashin gado inda duhu yake. Kullum da safe yaro ya auna tsiron da tsinken tsintsiya, ya zana abin da ya gani. Cikin mako biyu zai gano da kansa cewa iri ba ya tsira sai da danshi, kuma wanda ke cikin duhu ya tsira, har ma ya fi saurin miƙewa, amma siriri ne, ganyensa rawaya. Daga nan tambaya za ta fito daga bakin yaro, ba daga bakin malami ba: me haske ke yi wa ganye? Wannan tambaya ita ce ƙofar darasin yadda tsiro ke haɗa abincinsa.

Haka nan tsutsar sauro. A ɗebo ta da ludayi a zuba a kwalba, a rufe bakin da ƙyalle a ɗaure tam. Cikin kwana kaɗan sauro zai bayyana a cikin rufaffiyar kwalba. Yara za su iya lura cewa wata tsutsar tana kwanciya a miƙe daidai da fuskar ruwa, wata kuma tana rataye da kai ƙasa. Ta farkon ita ce ta sauron Anofilis mai yaɗa zazzaɓi. Jinga ta gaba ita ce a ƙidayo tayoyi da gwangwanaye da fasassun tukwane masu riƙe ruwa a gida, a kife su. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya a Nijeriya suke. Aikin gida da zai rage sauro a tsakar gida ya wuce batun maki.

Akwai masu hujjar ƙin fita, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Ta farko ita ce tsaro. A ƙaramar hukumar Chikun ɗin nan aka sace ɗalibai sama da ɗari daga makarantar Bethel Baptist a watan Yuli na 2021, aka kuma sace wasu sama da ɗari a Kuriga a watan Maris na 2024. Uban da ya hana ɗansa shiga motar ziyara zuwa daji ba za a ga laifinsa ba. Amma wannan hujja ce ta taƙaita nisa, ba ta rufe yara a ɗaki ba. Suri da kududdufi da bishiyar mangwaro suna cikin shingen makaranta. Ta biyu ita ce lafiya: kada a bar yara su shiga ruwan rafi ko na kududdufi da ƙafa, domin ta nan tsutsar tsargiya da ke fitowa daga jikin dodon koɗi ke huda fata. Malami ne zai ɗebo ruwan, kuma bayanin dalilin hanin shi kansa darasi ne. Ta uku ita ce cunkoso. Aji mai yara tamanin ba ya fituwa gaba ɗaya, amma yana rabuwa gida takwas, kowane rukuni da shugabansa da tambaya guda da zai amso.

Hujja ta huɗu ta fi nauyi, wato shirin malamin kansa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar cancanta, ta ce sama da dubu ashirin da ɗaya ba su ci ba. Ko me za a ce game da yadda aka gudanar da ita, ta nuna cewa gyara daga horon malamai zai fara. Malamin da ba a taɓa fita da shi waje ba a kwalejin ilmi, da wuya ya fita da wani. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, a Kaduna hedikwatarta take. Ita da kwalejojin ilmi ya kamata su mayar da darasin waje sharaɗin kammala koyon aikin koyarwa.

Wani abin lura shi ne harshe. Yaran Mahuta sun fito daga gidajen Gbagyi da Hausawa da al'ummomin kudancin Kaduna da sauran sassan ƙasa. Idan aka ce kowa ya tambayo kakarsa sunan bishiyoyi biyar da amfaninsu, ɗorawa da kaɗanya da kuka za su dawo aji da sunaye iri-iri. A nan ne malami zai nuna dalilin da ya sa masana suka amince da suna guda na Latin ga kowace halitta, kuma yara su fahimci cewa ilmin gida da na boko ba abokan gaba ba ne.

Ɗaliban sakandare da malamansu suna da rawar takawa. Ƙungiyar kimiyya ta kowace sakandare tana iya ɗaukar firamare ɗaya da ke kusa, ta riƙa kai mata ziyara sau ɗaya a wata da kwalabe da gwangwanaye da madubin ƙara girman abu guda ɗaya. Wanda ya koya wa ƙanensa, shi ma karatunsa ya zauna. Hedimastoci kuma su ware darasi ɗaya a mako na waje, su rubuta shi a jadawali don kada ya zama sai an ga dama.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Jami'o'i suna kukan cewa ɗalibai na zuwa musu da hadda ba tare da iya lura ba, alhali tun a aji uku na firamare aka koya musu cewa amsa tana kan allo. Damina mai zuwa za ta sake cika tayoyin Mahuta da ruwa. Abin da ya rage shi ne a sami malamin da zai ajiye alli, ya ce wa yara su biyo shi.